Robert Bruce, likitan da ya sa zuciya hawan tudu

A saman takardar sakamakon gwajin da aka yi wa kawuna a Lome akwai wani ɗan layi da Faransanci da ya tsaya mini a rai, inda aka rubuta cewa an bi tsarin Bruce. Da farko na ɗauka wani likita ne ɗan Aneho, don mu nan Togo mun san Bruce sunan babban gida ne a can bakin teku, kamar su Lawson. Ɗan kawun nawa da ke kwaleji kuwa ya kafe wai Bruce Lee ake nufi, tunda abin na motsa jiki ne. Duk mun faɗi. Bruce ɗin nan Ba'amurke ne, cikakken sunansa Robert Arthur Bruce, ya rasu tun 2004. Amma ma'aunin da ya tsara, shi aka ɗora kawu a kai, minti bayan minti, ba ƙari ba ragi.

Bari in fara faɗin abin da ya kai mu ga takardar, don da shi za a gane aikin mutumin.

Kawu ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Sokode, shekararsa 58, ya kuma riga ya fara biyan kuɗin kujerar Makka. Sai ya soma jin ƙirjinsa na matsewa kamar an ɗora masa buhun masara, duk sanda ya yi sauri ko ya hau tudu, musamman in ya ci tuwo ya ƙoshi. In ya tsaya minti 2 ko 3 sai abin ya lafa. Aka kai shi asibiti, aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi aka ɗauki zanen bugun zuciya, wanda ake kira ECG. Zanen ya fito lafiya lau. Gida aka yi hamdala, wasu suka ce ai iska ce kawai ta ciki. Likitan ne dai bai gamsu ba, ya rubuta a je Lome a yi gwajin zuciya cikin motsi, abin da takardun asibitinmu ke kira épreuve d'effort. Nan gida ya rabu biyu. Inna ta kira ni a waya ina Dapaong inda nake koyarwa, ranta a ɓace, tana tambaya ko wane irin likita ne zai ce mai ciwon zuciya ya je ya yi gudu.

Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Amsar na same ta a hanya. Wanda duk ya saba bin babbar hanya daga Dapaong zuwa Sokode, kusan kilomita 300, ya san inda gingimari ke tona asirin kanta. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wajen Mango kowace mota jaruma ce. Sai an zo hawan Defale ko tsaunin Aledjo za ka ga wadda injinta ya gaji ta tsaya tana hayaƙi, yaran mota na sa mata duwatsu a ƙarƙashin taya. Da na zo karanta tarihin Bruce sai na tarar shi ma da mota yake ba da misali: yakan nuna cewa mai hankali ba ya sayen tsohuwar mota bai zagaya da ita ya ji injin yana aiki ba, kuma haka ya kamata a auna zuciya. Duk wanda ya taɓa shiga filin tsofaffin motoci na tashar jirgin ruwa ta Lome ba ya bukatar a yi masa ƙarin bayani.

An haifi Bruce ran 20 ga Nuwamba 1916 a yankin Boston, jihar Massachusetts. Ya yi digirin farko a Jami'ar Boston, sannan ya wuce Jami'ar Rochester da ke jihar New York, inda ya gama karatun likita a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Nan Rochester ya zauna ya ƙware, ya fara koyarwa.

Duniyar likitanci da ya shigo tana da irin tsoron Inna sak. A zamanin, wanda ya sami bugun zuciya kwantar da shi ake yi a gado kamar mako 6, ko juyawa sai an taimaka masa. Ko zaunar da irin wannan majinyaci a kujera sai wajen 1951 wasu likitoci biyu na Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka fara yi, aka yi ta musu a kai. To a irin wannan lokaci ne saurayin likita ya fara tunanin ɗora masu ciwon zuciya a kan inji su yi tafiya.

Ba wai ba a san alaƙar wahala da ciwon ƙirji ba. Tun 1768 wani likitan Ingila, William Heberden, ya bayyana cewa ciwon kan kama mutum yana tafiya, musamman a hawan tudu ko bayan cin abinci, kuma yakan sake shi da zarar ya tsaya. Da na karanta wannan sai na ga kamar kawu ya zauna gabansa ya yi masa bayani. Dalilin kuma a fili yake. Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Mutum na zaune, tana tura kamar lita 5 na jini a minti, ba ta bukatar abinci mai yawa, don haka ko jijiya ta toshe fiye da rabi ɗan jinin da ke wucewa ya ishe ta. Da an fara aiki mai ƙarfi sai abin da take turawa ya ninka sau 4 ko fiye, tsokar ta nemi ƙari, ƙunƙuntacciyar jijiya ta kasa bayarwa. Nan ciwon ke tasowa, nan kuma zanen ECG ke canzawa: wani ɗan sashe da likitoci ke kira ST sai ya nutsa ƙasa da layinsa. Na'urar ECG kanta Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera ta a farkon shekarun 1900, ta farkon nauyinta ya kai wajen kilo 270, majinyaci na tsoma hannu da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Ya sami kyautar Nobel a 1924.

Kafin Bruce akwai gwaji guda da ya yi suna, na Arthur Master, likita a asibitin Mount Sinai na birnin New York. A 1929 ya fito da 'yar matakala mai hawa 2, kowane hawa kamar santimita 23, mutum ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, na minti ɗaya da rabi. Yawan hawan ana ƙayyade shi da shekaru da nauyi da kuma ko namiji ne ko mace. Daga baya aka haɗa da ɗaukar ECG, amma sai an gama hawan ake ɗauka.

A nan ne malamin makaranta da ke cikina ya fara jin daɗin labarin. A makarantar horon malamai an koya mana cewa jarrabawa mai tambaya ɗaya ba ta auna aji. In tambayar ta yi sauƙi kowa ya ci, ba ka san gwani ba. In ta yi tsauri kowa ya faɗi, ba ka san wanda ya kusa ba. Matakalar Master haka take: ga mai ƙarfi wasa ce, zuciyarsa ba ta ma ji an taɓa ta ba, ga mai rauni kuma ta yi yawa. Sannan malamin ba ya cikin aji lokacin da ake rubutawa, sai an tashi yake shigowa.

Bruce ya fara gyaran wannan tun a Rochester tare da abokin aikinsa Paul Yu, haifaffen ƙasar Sin. Suka koma ga injin da tabarmarsa ke tafiya ƙarƙashin ƙafa, mutum na taku a wuri ɗaya. Faransanci na kiransa tabarma mai gungurawa, ni ma haka zan kira shi. Abin dariya, kakan wannan inji a gidajen yarin Ingila aka fara amfani da shi tun 1818, don azabtar da fursunoni. Amfaninsa ga likita shi ne mutum na tafiya amma bai bar wurin ba, saboda haka ana iya barin wayoyi a ƙirjinsa, a auna hawan jininsa, a tara numfashinsa, duk yana cikin aiki. Rahotanninsu na farko sun fito a 1949. Gwajin lokacin mataki ɗaya ne, tafiyar minti 10 da sauri guda, ana rubuta yadda numfashi da jini ke canzawa kowane minti a jikin masu lafiya da masu ciwon zuciya ko huhu.

A 1950 aka kira shi Seattle, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, ya zama shugaban farko na sashen zuciya a makarantar likitanci ta Jami'ar Washington, wadda ita kanta shekararta 4 da buɗewa. Bai cika 35 ba. Ya riƙe sashen har 1971. Shekarunsa na farko a can ya fi mai da hankali kan masu lalatattun ƙofofin zuciya da waɗanda aka haifa da nakasar zuciya, don lokacin ne aka fara yi musu tiyata, ana kuma bukatar sanin wa zai amfana da wuƙa. Wannan ɓangaren ya taɓa ni, saboda lalacewar ƙofofin zuciya sau da yawa daga ciwon maƙogwaro na yarinta take farawa, irin wanda nake gani a ajina duk lokacin hunturu iyaye na cewa zai wuce. A Amurka cutar ta ja baya, a ƙasashenmu tana nan.

A Seattle ɗin ya haɗu da wani injiniya, Wayne Quinton, wanda ya ƙera masa tabarma mara nauyi da za a iya ƙara mata sauri da tudu yadda ake so. Quinton ɗin nan shi ne kuma ya taimaka wajen ƙera bututun da ya sa wankin ƙoda na dogon lokaci ya yiwu a 1960. Na lura tarihin likitanci yakan manta da maƙera, alhali ba don su ba da dabarar ta tsaya a takarda.

Babban aikin ya fito a 1963, kuma abin mamaki a mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics aka buga shi, ko da yake kan manya ne. Bruce da abokan aikinsa suka kawo gwaji mai hawa-hawa. Na farkon matakai 4 ne, daga baya ya zama 7, kowane mataki minti 3. Ana farawa da tafiyar kilomita 2.7 a awa, tabarmar a ɗage kashi 10 cikin 100, wato kamar hanyar da ke hawa mita 10 a kowace mita 100. Bayan minti 3 sauri ya koma kilomita 4, tudu kashi 12. Mataki na uku kilomita 5.5 da kashi 14, na huɗu 6.8 da kashi 16, inda yawancin mutane ke fara sassarfa. Haka ake ta ƙarawa har na bakwai, kilomita 9.7 a tudun kashi 22, wanda sai 'yan wasa ke kaiwa. Mutum na tafiya har sai ya gaji da gaske, ko ciwo ya taso, ko likita ya ga abin da bai yi masa ba a zanen ko a awon jini ya tsayar.

Ka ga jarrabawar da malami zai yaba. Tana farawa da tambayar da kusan kowa zai amsa, tana ƙara tsauri a hankali, inda ɗalibi ya ajiye alƙalami nan ne makinsa. Tsoho da saurayi, mai ciwo da ɗan ƙwallo, duk takarda ɗaya suke ɗauka. Kuma tunda matakan ba sa canzawa, minti 5 a Lome daidai yake da minti 5 a Seattle ko Paris, kamar yadda sakamakon CEPD na yaron Dapaong ke da ma'ana ɗaya da na yaron Kpalime. A ganina wannan daidaito shi ne ainihin gadon Bruce, ya fi injin kansa. A 1973 shi da abokan aikinsa suka ƙara da jadawalin da ke nuna, daga tsawon lokacin da mutum ya yi a kan tabarma, yawan iskar da jikinsa ke iya amfani da ita, da kuma kashi nawa ya gaza sa'o'insa masu irin shekarunsa da irin motsinsa.

Saura tambayar Inna: ba ya kisa? Ita ma an auna ta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1971 ya tattara gwaji kusan 170,000, ya sami mutuwa kamar 1 cikin 10,000. Haɗari ne, amma ƙarami, kuma ƙanƙantarsa ta dogara da sharuɗɗa: a tantance mutum kafin ya hau, likita na tsaye, ECG na gudana, na'urar farfaɗo da zuciya na kusa. Ba a yi wa wanda bugun zuciya ya same shi kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, ko mai ciwon ƙirji yana zaune ba ya komai, ko wanda ƙofar babbar jijiyarsa ta tsuke sosai, ko wanda zuciyarsa ta kumbura ruwa ya taru masa. Na faɗi wannan ne saboda wani maƙwabcin kawu, da kyakkyawar niyya, ya ba da shawarar a huta da kuɗin mota, kawu ya je filin ƙwallo ya zagaya da gudu a ga ko zai ji ciwon. Don Allah kada kowa ya yi haka. Kuma ciwon ƙirji da ya kama mutum yana zaune, ya ƙi saki bayan minti 15 ko 20, ga gumi ga haki, wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa nan take.

A 1971 ɗin dai Bruce da abokin aikinsa Harold Dodge suka kafa wani shiri mai suna Seattle Heart Watch, inda likitocin gari, har da na kamfanin jirage na Boeing, ke yi wa mutane gwajin suna aika sakamako wuri ɗaya, ana bin mutanen shekara da shekaru. Cikin shekara 10 an tara bayanan mutum fiye da 10,000, da taimakon kwamfuta tun tana sabon abu. Daga nan aka ga cewa nutsewar ST ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Kasa kai minti 6, da jin ciwon ƙirji a kan tabarma, da bugun da ya ƙi hawa yadda ya dace da shekarun mutum, duk alamu ne, kuma sun fi nauyi ga wanda dama yana da hawan jini ko yana shan taba ko kitse ya yi yawa a jininsa. Ga wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, ba ya kuma jin komai, gwajin bai cika ƙara wani sani ba.

Ba na son in zuzuta abin fiye da kima. Wani nazari na 1989 da ya haɗa bincike 147 ya nuna cewa cikin mutum 100 masu toshewar jijiya gwajin na kama kamar 68, cikin 100 marasa ita kuma yana wanke kamar 77, sauran ya tayar musu da hankali a banza. Shi ya sa yau ake haɗa shi da hoton zuciya, wanda ba ya iya tafiya kuma a ba shi maganin da ke sa zuciya aiki yana kwance. Wasu asibitoci, musamman masu bin tsarin Faransa, keke suke amfani da shi maimakon tabarma. An kuma yi wa tsarin Bruce kansa sassauci saboda tsofaffi, a fara a shimfiɗe kafin a ɗaga. Sannan mu nan babban abokin gabarmu tansiyo ne. Binciken da aka yi a Togo a 2010 da tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya sami hawan jini ga kusan mutum 1 cikin 5, kuma awonsa ba ya bukatar zuwa Lome.

Mu dai mun je. Daga Sokode kilomita 340 ne, muka kwana gidan wani ɗan'uwa. An gaya wa kawu kada ya ci abinci mai nauyi awa 3 kafin gwajin, kada ya sha kofi, kada ya ci goro, wanda shi ne ya fi yi masa ciwo. Ya iso da babbar riga da silifa kamar mai zuwa ɗaurin aure, dole na cire takalmin wasannin da nake koyar da motsa jiki da shi na ba shi. Aka aske masa gashin ƙirji, aka manna wayoyi 10. Likitan ya yi lissafi a gabanmu: a cire shekaru daga 220, na kawu ya ba da 162, ana son ya kai aƙalla kashi 85 cikin 100 na wannan, wato wajen 138. Matakin farko ya wuce shi yana murmushi. Da tabarmar ta ɗaga a mataki na biyu sai murmushin ya ɗauke. Cikin minti na biyar ya dafa ƙirji, likitan ya riga ya ga layin ya nutsa fiye da milimita 1, ya tsayar da injin. Bugun bai ma kai 138 ba. Aka zaunar da shi ana ci gaba da kallon zanen har ya koma daidai, kamar yadda ya fito ranar da aka ce masa lafiya lau.

Aka ɗora shi kan magunguna, har da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, aka tura shi ƙarin bincike, aka kuma ba shi shawarar ya ɗage tafiyar Makka. Wannan ta yi masa zafi, ya yi kwana biyu ba ya magana da ni kamar ni na rubuta sakamakon. Sai da muka zauna muka lissafa: safa da marwa kaɗai ta haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa cikin zafi da cunkoso. Mutumin da minti 5 ya tsayar a ɗaki mai sanyi. Inna ce da kanta ta ƙarasa lallashinsa.

Bruce ya yi ritaya a 1987, jami'arsa ta sa wa wata kujerar farfesa ta binciken zuciya sunansa. Ya rasu a Seattle ran 12 ga Fabrairu 2004 yana da shekara 87, bayan fama da sankarar jini.

Kawu yanzu yana taka ƙafa daga gida zuwa kasuwa kowace safiya, a hankali, gwargwadon yadda likita ya yarje masa. An ba shi ranar komawa kan tabarma bayan damina, a ga ko zai wuce minti 6. Ya riga ya sayi takalminsa, ya ce nawa ya matse shi.